Kafin Ka Buɗe Gasa a Shafin Kasuwancinka: Wace Iri Ce Ta Dace da Kai?

Duk mai tallar haja a kafafen sada zumunta ya san yadda shafi ke cika ya batse da zarar an ce akwai garaɓasa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda shafin ke yin tsit bayan an sanar da wanda ya ci. Don haka kafin ka zaɓi irin gasar da za ka yi, fara tsayar da abin da kake so ya rage a hannunka idan ƙura ta lafa. Lambobin mutanen da za ka ci gaba da yi wa talla kake nema, ko hotunan kayanka a hannun masu amfani da su, ko kuwa so kake sunanka ya zaga kawai? Amsar ce za ta zaɓa maka gasar.

Mafi sauƙi ita ce gasar ƙuri'a: kowa ya rubuta tsokaci ko ya cike fom, a ƙarshe a zaro suna ɗaya. Ba ta cin lokaci, kuma ita ta fi tara jama'a. Sai dai yawancin taron na yuyuyu ne, akwai ma masu buɗe asusu da yawa don farautar kyauta kaɗai. Sannan ka kula da doka. A Amurka da ƙasashe da dama, idan abu uku suka haɗu, wato kyauta da sa'a da biyan kuɗin shiga, gasar ta zama caca, kuma ba kowa aka yarje wa shirya ta ba. YouTube ma ya shardanta cewa shiga gasa a dandalinsa ya zama kyauta. In ƙuri'a za ka yi, kada ka ce sai wanda ya saya zai shiga.

Gasar neman ƙuri'un jama'a, inda wanda ya fi samun laik yake ci, ita ce na fi jin tsoron ba wa ƙaramin ɗan kasuwa shawarar yi. Ana sayen laik, ana haɗa baki, kuma wanda ya faɗi ba ya yarda an yi masa adalci. Ko ba maguɗi, jama'a na iya kai ka inda ba ka shirya ba. A 2016 wata hukumar bincike a Birtaniya ta nemi mutane su zaɓa wa sabon jirgin ruwanta suna ta intanet, sai sunan barkwanci, Boaty McBoatface, ya zo na ɗaya, ala tilas gwamnati ta ajiye sakamakon ta raɗa wa jirgin wani suna. Hukuma na iya jure wannan surutu, mai ƙaramin shafi kuwa mutuncinsa ne zai taɓu.

Wadda na fi so ita ce gasar hoto ko gajeren bidiyo da alƙalai ke tantancewa. Masu shiga ba su da yawa, wannan gaskiya ne, domin sai mutum ya tashi ya ɗauki hoto ya rubuta 'yan kalmomi. Amma wanda ya ɗauki wannan wahala ya riga ya damu da kayanka. Ka duba abin da za ka samu: mace ta ɗauki jakar da ta saya a wurinka, madaurin ya ɗan koɗe saboda yawan riƙo, ta rubuta cewa har yanzu zif ɗin bai taɓa cijewa ba. Babu tallar da za ka biya ta yi maka wannan aikin. Sharaɗi biyu ne a nan. Ka rubuta ma'aunin alƙalanci tun farko, kuma ka nemi izinin sake amfani da hotunan a fili, domin hoton na mai shi ne. Haka nan masu shiga su bayyana cewa don gasa suka wallafa. A 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ja kunnen kamfanin takalma na Cole Haan kan wata gasa a dandalin hotuna na Pinterest saboda masu shiga ba su nuna cewa kyauta suke nema ba. Sanya kalmar gasa a cikin hashtag ɗin na rage wannan matsala.

Kacici-kacici kan kayanka yana tsaka-tsaki. Yana sa mutum ya leƙa shafinka neman amsa, amma amsar farko na bayyana kowa zai kwafa, sai dai a karɓi amsoshin ta fom.

Dandalin ma yana da nasa ƙa'idoji, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Tun Agustan 2013 Facebook ya yarda a yi gasa kai tsaye a shafin kasuwanci, amma ya hana a ce wa mutum ya yi sharin a shafinsa na kansa ko ya yi tagin abokansa kafin ya shiga. Ganin kowa na yi bai sa ya halatta ba. A Disambar 2017 kuma ya sanar da cewa zai riƙa danne rubuce-rubucen da ke roƙon laik da sharin. Instagram ya hana a sa mutane su yi tagin kansu a hoton da ba sa ciki, kuma dandalin biyu suna so ka rubuta cewa ba ruwansu da gasar. X (tsohon Twitter) ba ya son maimaita saƙo ɗaya ko buɗe asusu barkatai. WhatsApp ya fi dacewa da tsofaffin kwastomomi, tunda saƙon da ka watsa sai wanda ya adana lambarka zai samu.

Batun kayan aiki ba ya buƙatar dogon tunani. Idan masu shiga kaɗan ne, jera sunaye ka ba kowanne lamba, ka zaro lamba ɗaya a Random.org, shafin da ke zaɓo lamba bisa sa'a, ka ɗauki bidiyon allon wayarka a matsayin shaida. Idan adireshin imel kake son tarawa daga dandali da yawa, manhajoji irin su Gleam da Woobox da ShortStack don haka aka yi su. Duba ko za ka iya sauke jerin sunayen zuwa kwamfutarka kafin ka biya. Duk manhajar da ta ce ka rubuta mata kalmar sirrin shafinka, rabu da ita.

Kyautar kanta ita ke tace jama'a. Ka sa sabuwar waya, duniya za ta zo, har da waɗanda ba su san me kake sayarwa ba. Ka sa kayanka, mai sha'awarsu ne zai tsaya. Kuma ka faɗi adadin masu ci ƙarara, kada ka ce duk wanda ya shiga zai samu.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya yi don kare mutanensa. 'Yan damfara kan kwafi hoton shafinka da sunansa, su ƙara ɗigo ɗaya a tsakiya, su bi masu tsokaci ɗaya bayan ɗaya da saƙon "ka ci, turo kuɗin aike". Rubuta a jikin sanarwar cewa daga wannan shafin kaɗai za a tuntuɓi wanda ya ci, kuma ba za a nemi ko sisi ba.

Ranar sanar da sakamako, ka tanadar wa waɗanda ba su ci ba lambar rangwame ta musamman mai ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Yawan waɗanda suka yi amfani da ita shi zai nuna maka ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma da shi za ka yanke ko ka maimaita irin gasar ko ka sauya.