Shagon da ya sabunta min takardun mota, abin da na gani da idona

Tun watan jiya nake so in rubuta wannan saboda mutane da yawa suna tambayata wa ya yi min takardu. To ga yadda aka yi. Lasin motata ya ƙare kusan wata biyu ban sani ba, kuma sitikar da ke jikin gilashin gaba ta bara ce, rana ta cinye ta har ba a iya karanta kwanan watan. Ran wata Asabar na ɗauko hanyar Zariya da iyali za mu je biki aka tsayar da ni, jami'in ko takarda bai tambaya ba da farko, gilashin kawai ya leƙa ya ce Malam gyara fakin. Ban yi musu ba don gaskiyarsa ce. A jadawalin tara na hukumar Road Safety, tuƙa mota da lasin mota da ya ƙare ko babu shi Naira 3,000 ne da maki 3 na laifi da ake rubuta wa direba, kuɗin ba wani yawa ba ne amma wahalar fa? sai ka je ka biya ta banki ka dawo da rasit, yara suna kuka a mota, rana ta take, ɗaurin auren ma ba mu same shi ba sai walima.

Ranar Litinin wani maƙocina ya kai ni wannan shagon. Ɗan ƙaramin shago ne, kwamfuta biyu, firinta ɗaya, da injin laminetin a kan wani tebur da ƙafarsa ɗaya aka tokare da bulo. Mai shagon dattijo ne mai gilashin ido, da yaronsa guda. Na miƙa masa ledar takarduna ya baje su ɗaya bayan ɗaya, lasin mota, takardar lafiyar mota, shaidar mallaka, inshora. Da ya zo kan inshorar sai ya tsaya ya ɗaga ta sama yana kallo, ya ce Alhaji a ina aka yi maka wannan? Na ce wani ne ya yi min bara a bakin titi, dubu biyar na ba shi. Ya girgiza kai ya ce tun Janairun 2023 aka mayar da inshorar nan ta motar gida Naira 15,000, ta dubu biyar ta wuce, ɗauko wayarka ka danna *565*11# ka sa lambar motarka mu gani. Na danna, na sa lamba, wallahi babu komai, motata ba ta cikin rajistar motoci masu inshora. Shekara guda cur ina yawo da takardar bogi da hatimi da komai. Jikina ya yi sanyi, don da na bugi motar wani ko na ture shagon mutum, babu kamfanin da zai biya ko sisi, alhali ta gaskiyar tana biya wa wanda ka yi wa ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Kuma 'yan sanda sun sanar cewa daga 1 ga Fabrairun 2025 za su fara matsa wa mutane kan wannan inshorar a faɗin ƙasa, ka ga da tarar ta zama biyu.

Wannan abin da ya yi min shi ya sa na yarda da shi. Ai zai iya yin shiru ya karɓi kuɗina ya sabunta lasin kawai in tafi.

Amma akwai inda ban ji daɗi ba kuma zan faɗa. Na farko ya ce min kwana biyu, Laraba in zo in karɓa. Laraba na zo aka ce netwok, Alhamis na kira ba a ɗaga ba, Juma'a kuma kun san yadda take, sai Litinin ta sama na samu. Kusan sati guda motata tana ajiye a gida ina hawa adaidaita zuwa aiki, don na riga na yi alkawari ba zan sake fita da ita haka ba. Na yarda matsalar netwok gaskiya ce ba shi ya ƙirƙire ta ba, amma ai sai a kira mutum a gaya masa, kar ya ƙona kuɗin mota ya zo ya tarar ba komai. Sannan wajen kuɗi, jimla kawai ya faɗa min da baki, sai da na ce Malam don Allah rarraba min, nawa ne na gwamnati nawa ne na inshora nawa ne ladanka, sannan ya ɗauko biro ya rubuta a bayan wata takarda. Da ya rarraba kuwa na ga ladan nasa bai yi yawa ba ko kaɗan, to me ya sa ba za a rubuta a manna a bango kowa ya gani ba? Wurin zama ma benci ɗaya ne, in kun kai huɗu sauran sai tsayuwa a rana.

Ranar karɓa dai sun burge ni. Kafin ya ba ni takardun sai da ya sa na sake danna lambar nan a wayata, sai ga sunan kamfanin inshora da ranar ƙarewa sun fito daidai da abin da ke jikin takarda. Ya ce in duba lambar mota da lambar shasi harafi bayan harafi, don kuskuren harafi ɗaya kan sa a tsayar da mutum a hanya a ce takardar ba ta motar ba ce. Na ɗauki leda zan tafi ya ce a'a Alhaji tsaya, ina motar? Na ce tana gida. Ya ce to yaro zai bi ka. Haka yaron nan ya biyo ni har ƙofar gida, ya jiƙa tsumma da ɗan fetur ya kankare tsofaffin sitikun da reza, guda uku ne a kan juna, ya goge gilashin tas sannan ya manna sabuwar a gefen mai zaman banza ta yadda na waje zai iya karantawa, ya bi ta da babban yatsa har iskar ciki ta fita. Ya ce Baba ya ce mutane da yawa suna biyan kuɗin su jefa sitikar a aljihun mota su manta, a zo a tsayar da su suna ta rantsuwa sun biya. Na ba shi na shan ruwa sai da na matsa ya karɓa.

Wani ɗan uwana da ke Ingila da na ba shi labari ya ce su can tun Oktoban 2014 aka daina manna takardar haraji a gilashi, kyamara ce ke karanta lambar mota, wasiƙar tara ta iske ka a gida. Mu dai a nan har yanzu ido ne, gilashinka ake fara kallo.

In da maki ake bayarwa zan ba su huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda jinkiri da rashin ɗaga waya. Wanda zai je ya je tun saura sati biyu takardunsa su ƙare, ya tafi da tsofaffin duka, ya ce a rubuta masa lissafi. Mai shagon ya sa lambata a wani littafi ya ce zai turo min saƙo ta WhatsApp in lokaci ya kusa baɗi, ni ma na sa ranar a wayata, motar matata kuma tata za ta ƙare bayan sallah, can zan kai.