Madubin hangen taurari mai baki 70mm: wata dai tar, amma ku manta da ramukan Makyuri

Jama'a wannan ɗan madubin mai ƙafa uku da ake ta tallarsa a intanet, hoton jikin kwalinsa ne ke jan mutane, sun manna duniyar Makyuri da ramukanta birjik kamar fuskar mai zanzana, sai ka ɗauka da ka leƙa haka za ka gani. Ina! Irin wannan hoton ai sai kumbo, kamar MESSENGER na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da ya yi ta zagaya ta daga 2011 zuwa 2015, kafin shi kuma Mariner 10 ne ya fara ɗauko ta kusa a 1974.

Abin da ni na gani ɗan ɗigo ne kawai yana rawa can ƙasa-ƙasa bayan magariba, in ka ƙura ido sosai ka ga alamar ɓari guda ne ke da haske, shi ke nan. Kuma ba laifin madubin ba ne kacokan, ita Makyurin ce ƙarama, faɗinta kilomita 4,879 ne, ga ta manne da rana ba ta taɓa nisa da ita fiye da digiri 28 a sama, to kafin duhu ya yi sosai ta faɗi, in kuma da hazon hunturu ne ma kar ka wahalar da kanka. Wai katon ramin Caloris mai faɗin kusan kilomita 1,550 nake sa ran hangowa daga saman bene, kai!

Amma fa da na juya shi kan wata, wallahi sai da na kira yaran gida. Ramuka ga su nan tsaf har da inuwar bakinsu, musamman daidai inda haske da duhu suka haɗu lokacin da watan yake rabi. Kusan irin su ne a Makyuri dama, duwatsu ne suka yi ta faɗo musu, ba iska ba ruwan sama da zai share tabon.

Ƙafafun ne dai ba su da ƙwari, ka ɗan taɓa su, hoton ya hau karkarwa, sai na ɗaure jarkar ruwa a tsakiya sannan ya natsu. Don Allah kuma kar wanda ya kuskura ya nemi Makyuri rana na sama, madubin ya haɗu da rana ido ya tafi ke nan.

In don wata ne ku saya, kuɗinku bai faɗi ba.