Wayar wuta mai tsada: wata biyu ina saurare

A wani shago a Wuse 2 na saye ta, kuma kuɗinta ya kai na buhun shinkafa biyu, abin da har yau uwargida ba ta sani ba. Kauri kamar igiyar rijiya, tsawo mita ɗaya da rabi, kai mai ƙafa uku irin na Ingila da fis a ciki. Mai shagon ya ce, "Alhaji, da ka jona ta a amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, za ka ji kiɗa ya zauna daram, kalangu ba gaggawa ba jan ƙafa." Ni kuwa mai son kiɗa ne, sai na biya.

Daren farko na rantse na ji bambanci. Ganga ta ƙara nauyi, bugun ya daidaita. Sai ƙanena, wanda ya karanta fannin lantarki, ya zo hutu ya yi min dariya. Ya ce, "Yaya, juya baya." Ya shiga bayan kabad yana sauya tsohuwar waya da sabuwa ba tare da na gani ba, ni kuma ina faɗin wadda ke ciki. Sau goma muka yi. Na dace sau biyar, wato da ni da mai jefa kwabo duk ɗaya.

Bayaninsa ya zauna min. Wutar nan tun daga irin su Shiroro da Kainji take tafiya a kan manyan layuka, ta bi taransfoma, ta ratsa wayoyin cikin bango, sannan ta iso wannan 'yar mita ɗaya da rabin. Tana shiga amfilifaya kuma ba a amfani da ita yadda ta zo: ana rage ta, a miƙar da ita, a tara a kafasita, wato 'yar ma'ajiyar wuta da ke ciki, daga nan sifika ke sha. Saurin kiɗa a na'urar CD kuwa wani ɗan agogon kiristal ne a ciki ke riƙe da shi, yana ƙirga 44,100 a kowace daƙiƙa. Ba ruwansa da kaurin wayar soket.

Inda na sha mamaki shi ne garmaho. Nawa tsoho ne, ɗan injin da ke juya shi na bin bugun wutar gida kai tsaye, wanda a Najeriya 50 ne a daƙiƙa, da shi faifai ke juyawa 33 da sulusi a minti. Na daɗe ina jin idan muka tayar da janareta a nan Kubwa mawaƙi kan ƙara sauri, muryarsa ta ɗan yi sama, ina ɗauka kunnena ne. Yaron ya sa mita ya auna, injin yana ba da 52. Kashi huɗu cikin ɗari ke nan aka ƙara wa kiɗan. Muka jona sabuwar wayar a hakan, mawaƙi bai rage gudu ba ko kaɗan. Da muka koma kan inbata, sai ya dawo hayyacinsa.

Ba zan ce ba ta da amfani ba. Kanta na kama soket gam, ba kamar tsohuwar da ke lilo tana tartsatsi ba, kuma ɗan zuzun da nake ji idan wayar wuta ta kwanta kusa da ta garmaho ya ragu, mai yiwuwa saboda rufin ƙarfen da ke cikinta. Sai dai taurinta ya yi yawa, har ta taɓa janyo ƙaramar na'urata ta kusa faɗowa daga kan kabad.

Yanzu tana bayan amfilifaya, tunda amfilifayar ta fi nauyin da wayar za ta iya ja. Sauran zuzun kuma mai wayarin ne ya kashe shi ranar da ya gano wayar ƙasa ta gidan ta tsinke tun daga bakin mita, kuma kuɗin aikinsa bai kai rubu'in na wayar ba.