Bitamin K don lafiyar jijiyoyin jini: K1, MK-4 ko MK-7, wanne za a saya?

Mai shan warfarin ko acenocoumarol ya dakata tun daga nan, kada ya sayi ko ɗaya sai likitansa ya amince. Waɗannan magunguna suna hana jini daskarewa ne ta hanyar toshe aikin bitamin K a hanta, don haka duk ƙarin da aka sha yana karya musu lago. Wani gwaji da aka wallafa a 2013 daga ƙasar Holan ya nuna cewa maikrogiram 10 zuwa 20 kacal na MK-7 a rana sun isa su saukar da lambar INR (ma'aunin jinkirin daskarewar jini) ta wasu mutane, alhali ƙwayoyin da ake sayarwa sukan ƙunshi 100 ko fiye. Idan INR ta sauka ba a sani ba, gudan jini na iya tasowa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Apixaban, rivaroxaban da dabigatran, waɗanda su ma magungunan hana jini daskarewa ne, ba ta hanyar bitamin K suke aiki ba, amma duk da haka a sanar da likita.

Dalilin da ya sa ake danganta wannan bitamin da zuciya yana da tushe. A bangon jijiyoyin jini akwai wani furotin mai suna MGP wanda ke hana kalsiyam taruwa ya sandarar da jijiya, kuma ba ya fara aiki sai bitamin K ya kunna shi. Idan bitamin ɗin ya yi ƙaranci, MGP marar aiki yakan yawaita a cikin jini, ana kuma iya auna shi. Ƙwayar MK-7 tana rage wannan adadi, babu musu. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne ko raguwar tana kare mutum daga ciwon zuciya.

Binciken Rotterdam na 2004, wanda ya bibiyi mutum 4,807, ya gano cewa masu yawan samun K2 (rukunin da MK-4 da MK-7 ke ciki) daga abinci sun fi saura ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya. Wani bincike a Denmak a 2021 kan mutum sama da 50,000 ya ga irin wannan alaƙa ga K1 da K2 duka. Sai dai waɗannan bincike ne na lura da abin da mutane ke ci, kuma mai yawan cin ganye yakan bambanta da waninsa ta fuskoki da dama. Da aka zo gwajin ƙwaya kai tsaye, labari ya sha bamban. A 2015 an ba mata 244 da suka daina al'ada ko dai MK-7 maikrogiram 180 ko ƙwayar da babu magani a cikinta na tsawon shekara 3, aka ga sandarewar jijiya ta ragu, musamman ga waɗanda tasu ta riga ta yi tauri. Amma gwajin AVADEC na 2022 a Denmak ya ba maza 365 rabinsu maikrogiram 720 haɗe da bitamin D na wata 24, kuma kalsiyam ya ci gaba da taruwa a bawul ɗin zuciyarsu daidai da na sauran. Haka gwajin K4Kidneys na 2020 kan masu ciwon ƙoda 159, da maikrogiram 400 na shekara guda, bai sassauta jijiya ba. Masu talla sukan kawo na 2004 da na 2015 su yi shiru a kan sauran. Duk kwalbar da ta yi alkawarin wanke jijiya ko narkar da kalsiyam ɗin da ya riga ya taru, ta faɗi abin da gwaji bai tabbatar ba.

Da wannan fahimta za a kwatanta nau'ukan.

K1 shi ne na ganyaye, kuma ya fi arha. Hanta ke kwashe mafi yawansa don haɗa sinadaran daskarar da jini, cikin 'yan awoyi ya bar jini. Amurka ta ƙayyade maikrogiram 120 a rana ga maza da 90 ga mata, hukumar kula da ingancin abinci ta Turai kuma ta sa 70 ga manya. Rabin kofi na dafaffen alayyafo ya zarce wannan ninki uku, saboda haka mai cin ganye a kai a kai ba shi da dalilin sayen K1 a kwalba.

MK-4 ne ya fi rikitar da masu saye. A Japan ana rubuta shi a matsayin maganin raunin ƙashi, miligiram 45 a rana, a raba sau uku. Wannan maikrogiram 45,000 ke nan. Ƙwayar da ke ɗauke da maikrogiram 100 ko 200 na MK-4 ba ta ko kusa da wancan adadi ba, kuma wani gwaji a 2012 ya nuna cewa bayan shan maikrogiram 420 ba a ga alamarsa a jini ba. Don jijiyoyin jini, hujjarsa ita ce mafi rauni.

MK-7 ya fi su daɗewa a jiki: sai kusan kwana 3 kafin rabinsa ya fita daga jini, shi ya sa sau ɗaya a rana ya wadatar, kuma da shi aka yi akasarin gwaje-gwajen jijiya. Asalinsa daga natto ne, waken soyan da Japanawa ke tsimawa da ƙwayar bakteriya, ko da yake yanzu ana haɗa shi a masana'anta ma. Wanda ya yanke shawarar saye, wannan ne zaɓin da ya fi ma'ana, tsakanin maikrogiram 90 zuwa 180 a rana. Babu amfanin biyan kuɗin 500 ko 700, tunda 720 ɗin ma bai hana kalsiyam taruwa a bawul ɗin zuciya ba a AVADEC. K3 kuwa, wanda ake kira menadione, na abincin dabbobi ne. Yana iya lahanta hanta da fasa jajayen ƙwayoyin jini.

A jikin kwalba ake gane ta gari. Idan an rubuta K2 kawai ba a fayyace MK-4 ne ko MK-7 ba, a ajiye ta. A duba ko mcg (maikrogiram) aka sa ko mg (miligiram), domin mg ɗaya mcg 1,000 ne. A nemi kalmar all-trans: MK-7 yana da siga biyu, ta trans ce jiki ke amfana da ita, kuma kaya marasa inganci sukan zo da sigar cis mai yawa, wadda ke cika lissafi a takarda kawai.

Wata matsala da ba a cika ambata ba ita ce haɗi. MK-7 yana lalacewa idan ya zauna a ƙwaya ɗaya da magnesiyam ko kalsiyam, sai in an lulluɓe shi da kariya ta musamman, don haka adadin da aka rubuta na iya raguwa sosai tun kafin wa'adin kwalbar ya cika. Ƙwaya mai taushi da ke da mai a ciki, MK-7 shi kaɗai ko tare da bitamin D3, ta fi aminci. Idan da D3 ne, a lissafa shi da wanda ake sha daga wasu ƙwayoyi, kada jimilla ta wuce IU 4,000 (IU shi ne ma'aunin da ake rubutawa a kwalbar bitamin D) a rana ba da umarnin likita ba. Haske ma yana lalata shi, don haka kwalba mai duhu ta fi. Tambarin masu gwaji masu zaman kansu irin su USP ko NSF yana tabbatar da cewa abin da aka rubuta shi ne a ciki, ba wai yana warkarwa ba. Mai rashin jituwa da waken soya ya duba daga me aka samo shi.

A sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, domin a cikin mai yake narkewa. Orlistat (maganin rage ƙiba) da cholestyramine (maganin rage kolestarol) suna rage shigarsa jiki, bitamin E mai yawa kuma yana yi masa kishiya. Masu ciwon hanji da ke hana tsotsar mai, waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, da masu shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokaci su ne suka fi fuskantar ƙaranci na gaske, kuma nasu adadin likita ke tsarawa. Wanda hoton asibiti ya nuna masa kalsiyam a jijiyoyin zuciya kuwa, kada ya ajiye statin (maganin rage kolestarol) ko maganin hawan jininsa saboda wannan ƙwaya, domin su ne aka gwada aka ga suna rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki.