Burodin acha da garin ɗanwake na wata Hajiya a Kaduna, wata huɗu ina saya, ga abinda na gani

Salam 'yan uwa. Tun bayan sallah ake ta tambayata a kan matar nan da nake sayen kayan da ba fulawa a wajenta, to yau dai na samu zama zan faɗi mai daɗin da mara daɗin. Bazan kama sunan shagon ba dan akwai inda zan yi ƙorafi, ita ma halalinta take nema bana so a ce ni na kashe mata kasuwa.

Abinda ya kaini wajenta yarinyata ce ta biyu, shekararta 9. Kusan shekara biyu muna fama, ciki ya kumbura kamar ganga, gudawa mai wari yau ta tsaya jibi ta dawo, ga rama, har ƙanwarta ta kamo ta a tsawo. Maganin tsutsa kam ta sha ba adadi, an ce taifot an ce shawara, kakarta ta dafa sabara ta gaji, duk awon da aka yi sai a ce jininta yayi ƙasa, a bada maganin ƙarin jini ya ɗan hau ya sake sauka. Sai wata likitar yara, Allah ya saka mata, tace tana zargin wata cuta da ake kira siliyak. Tace gulutin ne matsalar, abin nan dake cikin alkama da sha'ir wanda ke sa kwaɓin fulawa yayi danƙo yana jawuwa, in mai cutar yaci sai garkuwar jikinsa ta koma tana lalata bangon ƙaramin hanji inda ake tsotse amfanin abinci, shi yasa yarinya tana ci amma kamar ana zuba ruwa a kwando. Ta gargaɗe ni kar in hanata burodi sai an ɗebi jinin tukunna. Awon sunansa tTG, ya fito sama sosai, daga nan aka ce mu rabu da alkama.

Ranar na gane rabin kicin ɗina alkama ce. Burodi, taliya, Indomie, semo, kuskus, alkaki, gurasa, fanke, cincin, kai har ɗanwaken da muke yi yanzu ai fulawa muke zubawa. Wanda aka bar mana su ne namu na gado, gero da dawa da masara da shinkafa da acha da tamba da rogo da doya, duk babu gulutin a cikinsu. Tuwo ba matsala, matsalar abin karin safe ne da abinda za ta tafi da shi makaranta ta daina kallon hannun yara.

Burodin Hajiya na acha ne da garin rogo da ƙwai. Kar wanda ya saya yana tsammanin laushin burodin kanti, wannan yana da nauyi, in ka yanka yana marmashewa, kuma kwana biyu kawai yake yi a waje ya fara tsami, ni yanka shi nake in jefa a firiza. Amma a ɗan gasa shi a kasko da man shanu, wallahi ƙamshinsa kamar an soya gyaɗa, yarinyar har lashe yatsa take da shayi. Kek ɗinta na garin shinkafa shi ne zakaran kayanta, na kai gidan suna ba wadda ta gane ba fulawa bane. Cincin ɗin kuma a'a, tauri kamar tsakuwa, sau ɗaya na saya ban ƙara ba. Garin ɗanwaken irin na da ne, rogo da wake da kuka, ki zuba ruwan kanwa ki kwaɓa kawai, yana haɗuwa baya watsewa a tukunya. Kuɗi kam akwai tsada, burodin ya kusa ninka na kanti uku, amma duk wanda ya taɓa sayen acha ya zauna wanke yashinta ya san ba zalunci bane. Ɗan aikenta ne dai in yace azahar to ki sa rai da la'asar.

Yanzu ga inda muka samu saɓani. Ƙanwata tana zaune a wajena, ita cikinta lafiya lau, abinda ke damunta ƙuraje ne ƙanana masu ruwa a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, hagu da dama iri ɗaya, ƙaiƙayi har cikin dare tana sosawa sai yayi jini. An sha cewa ƙazuwa ce. Likitar ce tace siliyak na iya fitowa a fata haka ba tare da ciki yayi ko motsi ba, kuma tunda abin yana bin jini gara ita ma a duba ta, dan a 'yan uwa na kusa kamar iyaye da 'ya'ya da waɗanda aka haifa tare wajen mutum 1 cikin 10 ake samu da ita.

Wata ranar asabar muka yi ɗanwake da sabon garin da aka kawo, mu duka muka ci. Ba a yi awa uku ba yarinyar ta fara amai, ta kwana tana juyi da ciwon ciki, washegari ko makarantar allo bata je ba. Ƙanwata ko gezau. Na kira Hajiya nace Hajiya dan Allah me aka sa a garin nan, tace haba Maman yara, ai ƙanwarki ma taci bata ga komai ba, ba daga garina bane, ki duba ko ruwa ne. Na yi shiru dan bani da hujja. Sai ranar talata ƙurajen ƙanwata da suka kwanta suka taso gaba ɗaya. Na shirya na je har gidan Hajiya, muna cikin magana yarinyar aikinta ta saki baki tace ai injin gida ya lalace satin nan, kasuwa aka kai niƙan. Na san injin da take nufi, wanda mata ke layi da alkamar tuwon masu ciwon suga, bakinsa fari fat da gari, mai injin ko karkaɗewa baya yi tsakanin kwano da kwano. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa kafin a rubuta babu gulutin a jikin kaya ita ce kar ya wuce miligiram 20 a kilo guda, to ku auna da ragowar garin da ke maƙale a cikin injin kasuwa.

Gari ɗaya, tukunya ɗaya, ɗaya tayi amai a awa uku, ɗaya sai bayan kwana uku kuma a fata, ni da babansu bamu ji komai ba. Wani ma mai cutar ba zai ji komai ba sam alhali hanjin yana lalacewa a ɓoye, sai dai a ga ƙarancin jini ko gajiya ko gyambon baki. Akwai wata da muka haɗu a shagon, ita ɗanta minti kaɗan da cin biskit leɓensa ke kumbura jiki yayi borin jini, wannan kuma daban ne, alajin alkama ne ba siliyak ba, kuma in ya taɓa numfashi asibiti ake gudu. Wasu kuma kumburin ciki ne kawai in sun ci burodi da yawa, a auna ba a ga siliyak ba. Shi yasa maganar Hajiya ta wai ki ci ki gani in bai dame ki ba to lafiya, ita ce ta fi ɓata min rai fiye da niƙan ma.

Kuma tana da wata ɗabi'a, duk wadda tazo da ƙorafin ciki sai tace ki bar alkama kawai 'yar uwa ki koma kayana. Haka ta yi wa ƙanwata, ta bar alkama wata biyu sannan taje awo, jini ya fito ba komai, likita yace wannan sakamakon ba abin dogaro bane tunda ta daina ci, sai ta koma cin burodi kullum na wajen sati shida a sake. Yanzu haka tana ciki, tana ci tana susa tana min tsiya. Kuɗin awon farko ya tafi a banza.

Surukata har yanzu cewa take cutar turawa ce muka ɗauko a waya. Na gaya mata a duniya wajen mutum 1 cikin 100 ke da ita, kuma binciken da aka wallafa a 1999 a kan yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, dake sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu kusan yaro 1 cikin 18, nan Afirka ɗinmu. Tace to Allah ya kyauta, ta ci gaba da cin gurasarta.

Hajiya dai ta bani haƙuri, ta mayar min da kuɗin garin ba tare da na tambaya ba, an gyara injinta, kuma na roƙe ta ta dinga manna takarda a leda tana rubuta abinda ke ciki da ranar da aka yi, tace in sha Allah, har yau ban ga takardar ba. Burodi da kek ina saya duk juma'a, amma kafin in tura kuɗi sai na tambaya a ina aka yi niƙan satin nan. Garin ɗanwake kuma na daina, na sayi ɗan ƙaramin injin niƙa na hannu ina yi da kaina, jiya ma shi muka ci da mai da yaji, yarinyar ta cinye ta nemi ƙari.