Takalmi da jakar hawan Duwatsun Shere: wanne ya kamata ka saya?

In kai da abokanka kun tsayar da Asabar da Lahadi don hawan Duwatsun Shere da ke gabashin Jos, masu ƙololuwar da ta kai kusan mita 1,829, to fara kashe kuɗinka a kan takalmi. Sauran kaya ana iya ara.

Iri uku za ka tarar a kasuwa. Kambas na yawon gari yana da arha, ba shi da nauyi, amma tafinsa sumul yake. A kan falalen dutsen da raɓa ta jiƙa, santsi zai kwashe ka. Takalmin gudu mai haƙora a tafi ya fi shi kama dutse, kuma ya wadatar da rani in kayanka kaɗan ne. But mai rufe idon sawu na damina ne da na mai goyon tanti. Sai dai sabo fil yana cizo, don haka a yi ta yawo da shi kwana 10 kafin tafiya.

Gwanjo fa? A Katako ta Jos ko Ƙofar Wambai ta Kano akan dace da but mai kyau, amma kada ƙyallin fata ya ruɗe ka. Lanƙwasa shi, ka danna farce a soson da ke tsakanin tafi da fata. In ya marmashe ko ya tsage, mayar wa mai shi. Irin wannan soso ruɓewa yake in ya daɗe a ajiye, sai tafin ya ɓalle ana tsakiyar hawa. Gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka hau da ita, ka bar sararin faɗin babban yatsa a gaba. Wajen gangarowa ne yatsu ke dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Safar auduga kuwa tana riƙe gumi ta jawo bororo. Ta ulu ta fi.

Jaka mai lita 25 ta isa yini ɗaya. In da kwana, nemi mai lita 45 da ɗamarar ƙugu, don nauyin ya sauka daga kafaɗa. Kowa ya ɗauki ruwa lita 3 a yini, wato kilo 3, a gora mai murfi, domin fiya-wata fashewa yake cikin kaya.

Tocilan goshi ta fi ta waya, tunda hannu biyu dutse zai riƙe. Masu zuwa a Disamba ko Janairu su haɗa da rigar sanyi mai kauri da hular ulu. Hunturun Jos da asuba ba irin na Kano ba ne.