fx-991ES Plus ko fx-82MS? Ƙanina ɗauki 991 kawai

Wa alaikumus salam ƙanina. Tsakanin kalkuleta biyun nan da ka tambaya wacce zaka saya, Casio fx-82MS da fx-991ES Plus, ni dai ba sai na yi dogon tunani ba, 991 zaka saya, ko da kuwa sai ka ƙara haƙuri ka tara cikon kuɗin.

Tawa 991 ɗin tun ina aji ɗaya a jami'a take hannuna, murfinta ya tsage, rubutun wasu maɓallan ya fara gogewa saboda dannawa, amma har yau da ita nake duba amsar tambayoyin da kuke turowa nan cikin dare. Abin da ya fara sa na ƙaunace ta dokokin Kirchhoff ne na lissafin wutar lantarki, ka san yadda tambayar take ƙarewa, lissafi uku da abubuwa uku da ba a sani ba, I1, I2, I3, mutum ya cika shafi guda yana cirewa yana maye gurbi kuma alamar ragi ɗaya in ta kuɓuce masa shikenan komai ya rushe. A 991 MODE zaka danna, sai 5, sai 2, ka zuba lambobinka ta ba ka ukun nan take. Ba wai ta ɗauke maka aikin hannu ba, malami dai matakai yake ba wa maki, amma kafin ka miƙa takarda ka san ko ka yi daidai, wannan natsuwar wallahi ba ƙaramin abu bace a ɗakin jarabawa. A MODE 5 ɗin nan dai, 3 kwadiratik ne, 4 kuma lissafi mai x³.

Sannan allonta yadda littafi yake rubutu haka take nunawa, kashi bisa kashi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, √2 ta bar maka shi √2 sai in kai ka so ka danna S⇔D ta mayar 1.414. Tana da MATRIX har 3 sau 3, tana da VECTOR, tana da CMPLX na complex numbers wanda zaka nema ido rufe ranar da kuka shiga lissafin wutar AC, tana intigireshan mai iyaka ta ba ka lamba. Ga kuma lambobin fiziks 40 a ajiye, SHIFT da 7, ka sa 28 ta kawo gudun haske, 06 na Planck, 35 ta ba ka g na jan ƙasa wato 9.80665 (amma in tambaya ta ce ka ɗauki g a matsayin 10 to ka bi tambaya, kar ka nuna iyawa). Kamfanin ya ce ayyuka 417 take yi, ni ko rabi ban taɓa ba.

82MS kuwa, to, kalkuleta ce. Ayyuka 240, layi biyu, sin cos tan da log, tana da ƙarko, ɗan sakandare zata ishe shi. Na riƙe ta kafin waccan, ranar da aka fara matiris na ba wa ƙanwata.

Yanzu abin da baka tambaya ba amma shi ya fi muhimmanci, jabun 991 sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, launi iri ɗaya, mai shago ya rantse maka orijina ce. Kar ka saya a leda a rufe. Ka ce a buɗe, ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na jabu suna da tauri ko su riƙa lilo a raminsu, ka karkata allon ka ga ko rubutun yana dushewa. Da yawansu farantin solar da ke sama baƙar roba ce kawai aka manna, ta gaske in an cire batirin LR44 ɗin aka kai ta haske zata kunnu. In sabon fitowa ce, 2nd edition, danna MODE sai 0, zata nuna lambar shaida mai harafi 24 da zaka duba a shafin Casio, mai shagon da ya fara ɓata rai kan ka ce zaka duba, ajiye masa kayansa ka ƙara gaba. Wanda kuma ya sa maka farashin da bai kai na 82MS ba yana cewa 991 ce, kai ma ka san zancen.

JAMB dai ba a shiga da kalkuleta, tana kan allon kwamfutarsu, don haka wannan ta karatu ce da jarabawar makaranta, kuma ka tambayi malaminku tukuna don wasu basa barin 991 a gwajinsu. Ranar da ka saya ka fara da sin 30, in ta ba ka ½ ko 0.5 lafiya lau, in ka ga -0.988 ba lalacewa tayi ba, tana auna kusurwa da Rad (radian) ne, SHIFT MODE 3 zai dawo da ita Deg (digiri).